Gyaran Fentin Mota da Hannu: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Farawa

Waɗannan su ne tambayoyin da masu mota suka fi yi mini tun da na koma kula da fentin motata da kaina, ba inji, ba gareji, sai bokiti da tawul da inuwar gida. Wasu amsarsu layi biyu ce, wasu kuwa sai an zauna.

Motata fes take, amma in rana ta haska ta sai in ga zane-zane kamar saƙar gizo-gizo. Mene ne wannan?

Ƙananan karce ne, dubbai, a fatar fenti ta can sama. Fentin motar zamani hawa uku ne. Akwai shafin farko da ke kama ƙarfe, sai launi, sai wata fata garau marar launi da ke rufe su, wadda masu fenti ke ce wa kiliya. Ni fatar ƙyalli nake kiranta, domin ita ce ke ba mota sheƙi, ita ce kuma ke tare wa launi zafin rana. Duka hawa ukun a motar da ta fito daga kamfani kaurinsu yakan kai maikiron 100 zuwa 150, wato kusan kaurin fallen takarda guda. Fatar ƙyallin ita kaɗai ba ta cika wuce maikiron 40 zuwa 50 ba, ko kaurin gashin kai ba ta kai ba.

Karcen da kake gani ba a zagaye suke ba. Sun miƙe ta kowace fuska, amma ido yana kama waɗanda gefensu ya mayar da haske ne kawai, shi ya sa suke bayyana kamar da'ira kewaye da hoton rana ko na fitila. A baƙar mota da shuɗiya mai duhu sun fi fitowa fili. Fara da ruwan azurfa ma suna da su, ɓoyewa kawai suke yi.

Ka riƙe lissafin kaurin nan a ranka, domin duk abin da zan faɗa a gaba a kansa yake tafiya. Ba a cike karce, sai dai a rage fatar da ke kewaye da shi har ta sauko daidai da gindinsa. Abin da aka rage kuma ba ya tsirowa.

To wa ya karce mini ita? Ban taɓa gogar bango ko wata mota ba.

Mai wanke ta, ko kai ne ko wani. Wannan ita ce amsar da mutane ba sa son ji.

Ƙura ba gari mai laushi ba ce kamar yadda take a ido. Wadda iskar hunturu ke kwasowa daga Sahara, daga wajen Nuwamba har zuwa Maris, tana ɗauke da ɓurɓushin ma'adinin kwaz, irin wanda ke cikin yashi, kuma taurinsa ya fi na bakin wuƙa. In ta kwanta a kan bonet aka ɗauko busasshen tsumma aka share, samfefa aka goga wa motar. Haka in an wanke taya da soso aka haura da shi kan ƙofa, ko tawul ya faɗi ƙasa aka kakkaɓe aka ci gaba.

Na taɓa riƙe baƙar Corolla wadda duk safiya yaro ke share mata ƙura da tsohuwar singileti kafin in fita, ina ganin gata nake yi mata. Hunturu ɗaya ya ishe ta. Damina na shigowa na duba ta a rana, baƙin ya koma toka-toka, kuma abin ya dame ni ƙwarai, don ni na ba da umarnin a riƙa sharewa. Daga nan na fara koyon wannan aiki.

Yaya zan wanke ta ba tare da na ƙara mata wani zanen ba?

Ka fara da ruwa zalla, ka kwarara mata daga rufi zuwa ƙasa har yawancin ƙurar ta sauka da kanta, hannunka bai taɓa jikinta ba. Wannan mataki shi aka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi kowanne amfani.

Sannan bokiti biyu: ɗaya da ruwan sabulun mota, ɗaya da ruwa zalla. Ka tsoma safar wanki ta maikirofaiba, wato wani yadi mai laushi mai gashi-gashi, a na sabulu, ka wanke fanel guda, ka ɗauraye ta a na ruwa zalla, ka murza ta sosai, ka matse, sannan ta koma na sabulu. In ka gama ka leƙa gindin bokitin ɗauraya, yashin da za ka gani shi ne da ya koma kan fentinka. Akwai wata raga ta roba da ake sa wa a gindin bokiti don kada safa ta taɓo yashin da ya kwanta, in ka samu ka saya.

Daga sama ake farawa, a ƙare da ƙasan ƙofofi da bamba, inda datti ya fi yawa. Kada ka danna, nauyin hannu ya isa. Taya da wili a ware musu nasu bokiti da nasu buroshi, kuma gara a fara da su kafin a taɓa jikin motar. Wajen busarwa, ka shimfiɗa babban tawul na maikirofaiba ka ja shi a hankali, ko ka riƙa dafawa yana tsotse ruwan.

Soso mai santsin fuska ban yarda da shi ba. Ƙwayar yashi ba ta da inda za ta ɓuya a jikinsa, sai ta zauna tsakaninsa da fenti tana bin hannunka. Safa mai gashi tana janye ta ciki.

Omo ko sabulun wanke kwanuka fa?

An yi su ne don su kashe maiƙo, saboda haka suna wanke kakin da ka shafa, suna busar da robobin gilashi, garin omo kuma ba ya narkewa duka. Sabulun mota yana da santsi, santsin nan shi ke sa datti ya zame. Murfi ɗaya ko biyu ya isa bokiti, kwalba guda takan daɗe.

Me ya sa nake ganin fararen ɗigo-ɗigo bayan ta bushe?

Gishirin ruwa ne. Ruwan rijiya da na burtsatse sukan ɗauko sinadarin farar ƙasa, in ruwan ya ƙafe sai ya bar shi a kan fenti, in rana ta gasa shi kuma ya ci ciki. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano ko Sakkwato ko Yamai, jikin baƙar mota da ke rana yakan kai wajen 70, ruwa ba ya minti guda a kai. Ka yi wanki da sassafe ko bayan la'asar, a inuwa, ka dafa bonet da bayan hannu tukuna. In da zafi, jira. Ɗigon da bai daɗe ba yana fita da farin binega da aka surka rabi da rabi da ruwa, a ɗauraye nan take.

Mene ne wannan yumɓun da ake goga wa mota?

Masu sayarwa suna ce masa kileba. Ba yumɓun tukwane ba ne, wani irin danƙo ne na masana'anta da aka cakuɗa da gari mai laushin gaske, a hannu kamar cingam mai tauri. A Japan aka ƙirƙiro shi a shekarun 1980, ya shiga Amurka a farkon shekarun 1990, daga nan ya bazu. Aikinsa ɗaya ne: cire abin da ya manne a saman fenti wanda sabulu ya kasa. Ɓurɓushin ƙarfen birki, feshin fentin gini ko na ƙofar maƙwabci da iska ta kawo, ƙananan ɗigon ƙaron bishiya, toka da hayaƙin da suka daskare. Yana zamewa a kan ruwa mai santsi, duk abin da ya ɗago sama da fenti sai ya yanke shi ya haɗiye.

Akwai mai laushi, matsakaici da mai kaifi. Mai farawa ya tsaya a kan mai laushi.

Ta yaya zan gane motata na buƙatarsa?

Wanke ta, busar da ita, ka sa hannunka a cikin siririyar leda, irin ta ƙulla sukari, ka shafa bonet ko rufi a hankali. Ledar tana ƙara wa yatsu ji. In ka ji kamar gilashi, ajiye yumɓunka. In ka ji tsaki-tsaki kamar an barbaɗa gishiri, tana buƙata. Ba abin da ake yi duk wata ba ne. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya wadatar da yawancin motoci, sai kuma duk lokacin da za a yi folish, wato gurza fenti da mai don a rage zane a fito da sheƙi.

Koya mini yadda ake goga shi.

Sandar gram 100 ka raba ta uku ko huɗu, ka ɗauki ɗaya ka mayar da sauran cikin robarsu. Ka murza shi a tafin hannu har ya yi taushi, ka baje shi kamar ƙaramar waina, faɗin yatsu uku ko huɗu.

Ka fesa ruwan santsi a wuri kamar kamu ɗaya tsawo, kamu ɗaya faɗi, ka fesa wa yumɓun ma. Ana sayar da ruwan musamman don wannan aiki, amma sabulun mota da aka surka da ruwa a kwalbar feshi yana yi. Ruwa zalla bai isa ba. Kada ka yi rowar feshi, wurin ya jiƙe sharkaf.

Da yatsu kawai za ka riƙe shi, kana kai shi kana dawo da shi a miƙe, ba dannawa. Da farko za ka ji yana ɗan kamawa, har ka ji ƙara shuu-shuu a kunne. Bayan zuwa biyar ko shida sai ƙarar ta ɗauke, ya riƙa sulɓewa shiru. Wurin ya gama ke nan. Goge da tawul, shafa da leda ka tabbatar, ka matsa gaba.

Bayan kowane yanki ka juyo shi ka duba. Za ka ga fuskarsa ta yi ruwan ƙasa ko baƙi-baƙi. Ninke shi, dattin ya koma ciki, ka sake bajewa. In ka ninka har ba ka samun fuska mai tsabta, yar da shi ka ɗauko wani. Ka fara da rufi da bonet da but, ka bar ƙasan ƙofofi a ƙarshe. Gilashi ma yana son sa, za ka ga bambanci a tafiyar waifa. Ƙaramar mota takan ci awa ɗaya zuwa biyu.

Ina son wannan mataki fiye da sauran, domin a nan ne hannun mai koyo yake fara fahimtar fenti. Wanda ya iya jin lokacin da yumɓu ya daina kamawa, ya iya rabin aikin folish tun bai fara ba.

Ya suɓuce mini ya faɗi ƙasa. In wanke shi?

A'a, kwandon shara. Ya riga ya haɗiye yashi, ba kuma wankin da zai fitar da shi. Dalilin raba shi gida uku ko huɗu ke nan.

Yumɓu yana cire zanen gizo-gizon?

Ba ya cirewa ko ɗaya. Shi abin da ke sama da fenti yake ɗauka, karce kuwa rami ne. Hasali ma yakan bar ɗan dusashewa a fenti mai laushi, musamman baƙi. Kuma yana kwashe kakin da ke jiki, don haka motar da aka yi wa yumɓu tsirara take, dole a bi ta da folish ko aƙalla kaki a ranar.

Kwalta, kashin tsuntsu da ƙaron bishiya fa?

Manyan ɗigon kwalta kada ka ɓata yumɓunka a kansu. Akwai ruwan cire kwalta, in babu, ɗan kananzir a tawul yana narkar da ita, sai a wanke wurin da sabulu nan da nan. Tina da man birki kada su kusanci fenti, man birki ɓare shi yake yi.

Kashin tsuntsu da na jemage suna da asid, a rana mai zafi cikin 'yan awoyi za su bar tabo. Wanda ke ajiye mota ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro ya san wannan. Jiƙa tawul ka ɗora a kai minti biyar, in ya yi laushi ka ɗauke shi sama. Kada ka murza, akwai tsakuwa a ciki.

Gaskiya, ana iya cire zanen nan da hannu, ko sai da inji?

Ana iya rage shi ƙwarai, har wanda ya san motar ya tsaya ya tambaye ka. Amma a ce ya fita kakaf kamar aikin inji a hannun gwani, wannan ba zan yi maka alkawari ba. Inji yana zagaye dubbai a minti guda, kafaɗarka ba za ta yi ba. Fenti ma ya bambanta: na Toyota da Honda galibi yana da laushi, yana karcewa da wuri amma yana gyaruwa da hannu. Na Mercedes da Volkswagen da Audi galibi ya fi tauri, za ka sha wuya kafin ka ga canji.

Abin da hannu ya fi inji da shi shi ne aminci. Da wuya ka ƙona fenti ko ka huda shi da soson hannu, alhali inji mai saurin juyi yana iya cinye fentin gefen ƙofa kafin ka ƙifta ido. Kuma ba dole ka gama mota a rana ɗaya ba. Yau bonet, gobe ƙofofin dama, jibi na hagu. Sannu ba ta hana zuwa.

Kwamfawun, folish, waks: ba duk abu ɗaya ba ne?

A kasuwa kowanne folish ake ce masa, shi ya sa mutane ke sayen abin da ba shi suke nema ba. Kwamfawun man gurza ne, yana da kaifi, shi ke cin fata ya sauko da ita. Folish ma yana ci, amma kaɗan, aikinsa gyara bayan kwamfawun da fito da sheƙi. Waks, wato kaki, ba ya cin komai, riga ce ake sa wa fenti bayan an gama.

Akwai kuma masu cike zane da mai don ya ɓuya na ɗan lokaci, irin su Super Resin Polish na Autoglym, wanda ke ɗan gurza yana kuma cikewa. Wasu suna raina wannan, ni ban raina shi ba. Ga tsohuwar mota mai siririyar fata, ɓoye zane ya fi cin fenti hikima, illa dai ka san bayan wanki da yawa zai dawo. Cikin waɗanda aka yi don su yi aiki da hannu akwai Ultimate Compound da ScratchX na Meguiar's. Turtle Wax da Sonax ma suna da nasu.

Yaya ake yin folish ɗin?

Mota wankakkiya, an yi mata yumɓu, tana inuwa, jikinta da sanyi. Ka rufe baƙaƙen robobi da tef ɗin takarda, don man yana bar musu farin tabo mai wuyar fita.

Kada ka fara da dukan mota. Zaɓi wuri guda a bonet, kamar santimita 30 ko 40 kowane gefe, ka gwada da mafi laushin man da kake da shi. Ɗigo uku ko huɗu kamar ƙwayar wake a kan soson folish, ka baje, sannan ka danna daidai gwargwado da tafin hannu, ba da kan yatsu ba, don yatsu suna barin sawu. Ka bi wurin sama da ƙasa, sannan hagu da dama, kowane layi yana hawa rabin na baya, minti ɗaya ko biyu, har man ya fara zama garau. Sassauta hannu a zuwa na ƙarshe. Goge da tawul mai tsabta tun bai bushe ba.

Sai dubawa, kuma a nan ake gane gaskiya. Maiƙon folish yana ruɗin ido, don haka ka fesa ɗan sifirit na aisofurofil da aka surka, kashi ɗaya da ruwa kashi huɗu, ka goge, ka haska tocilan ɗin waya a wurin. Kwatanta da gefen da ba ka taɓa ba. In ya yi maka, haka za ka bi sauran motar. In bai yi ba, maimaita sau ɗaya ko biyu. Sai in wannan ya gaza ne za ka hau kwamfawun, ka kuma bi bayansa da folish.

A kan ƙusurwoyi da layukan da suka tashi a jikin fanel ka sassauta, fenti ya fi siranta a nan. In soso ya cika da mai ya daskare, canza wani.

Wane karce ne ba zai fita ba?

Ja farcenka a kansa. In farcen ya maƙale, ya yi zurfin da bai kamata ka bi shi ba. Za ka iya rage kaifin bakinsa ya daina ɗaukar ido, ka tsaya nan. In kuma kana hango fari ko toka ko ƙarfe a ciki, ya wuce launi, maganinsa ɗigon fenti mai lambar motarka, kafin tsatsa ta kama. Na ga wanda ya nace wa karce guda har ya huda fatar ƙyalli, wurin ya zama dusasshen tabo kamar tafin hannu, dole aka sake fesa ƙofar gaba ɗaya. Garin neman gira ya rasa ido.

Haka nan in rufi ko bonet ya yi fari-fari yana ɓarewa kamar saɓar maciji, fatar ƙyallin ta mutu. Ba man da zai tashe ta, sai mai fenti.

Ina gogawa sai na ga launin motar a tawul. Na ɓata ta?

Ya danganta. Tsofaffin motoci da yawa na kafin shekarun 1980, da wasu farare da jajaye na baya, da waɗanda aka sake fesawa da araha, fentinsu hawa ɗaya ne, launi da sheƙi a haɗe. A irinsu launi a tawul ba komai ba ne, kuma su suka fi farfaɗowa da hannu. Amma in sauran jikin motar ba ya ba da launi sai wuri guda, dakata, ka huda fatar ƙyalli.

Tawa 'yar Kwatano ce, ban san abin da aka yi mata a baya ba.

To ka ɗauka an taɓa gurzar ta, wataƙila fiye da sau ɗaya, kafin a kai ta filin sayarwa. Duba ko launin fanel ya saɓa da na kusa da shi, ko akwai feshin fenti a robar gilashi, alamar an sake fesawa. Yi gwajinka a kowane fanel daban, kuma ka tsaya a kan folish mai laushi. In kai ka ba da aka yi sabon fenti, bar shi wata ɗaya zuwa uku ya gama bushewa kafin ka sa masa kaki. Mota mai fenti marar sheƙi, irin wanda aka yi shi dusashe da gangan, ba a yi mata yumɓu ko folish sam.

Wane kaki zan sa, kuma yaya daɗewarsa?

Kakin kanoba daga ganyen wata bishiya dangin giginya yake, wadda ke fitowa a arewa maso gabashin Birazil. Yana ba da sheƙi mai zurfi, amma a zafi irin namu wata ɗaya ko biyu ya tafi. Na haɗin masana'anta yakan kai wata huɗu zuwa shida, shi nake ba mai farawa shawara. Ko wanne ne, shafi siriri ake yi, kauri ba ya ƙara kariya sai wahalar gogewa. Bar shi ya yi hazo, ja yatsa a kai, in wurin ya fito fes lokacin gogewa ya yi. Ranar da ka ga ruwa ya daina dunƙulewa a kan bonet, sake shafawa. Kaki ka maimaita yadda kake so, kwamfawun kuwa kada ya zama al'ada.

Kuɗina kaɗan ne. Me zan fara saya?

Bokiti biyu, sabulun mota, safar wanki da tawul ɗin maikirofaiba shida ko takwas. In kuɗin ya ƙare a nan, ka riga ka tsayar da ɓarnar. Yumɓu, folish, soson folish da kaki su biyo baya. Ana samun yawancinsu a shagunan kayan mota da manyan kantuna, wanda babu a nema a Jumia ko Konga. Duba murfi da rubutun jikin kwalba da kyau kafin ka biya.

Tawul ɗin ma yana son kulawa. Cire masa takardar da ke ɗinke a gefe, tana karce fenti. Wanke shi shi kaɗai, ba tare da kayan auduga ba, ba ruwan laushin tufafi, ba guga. Shanya a ɗaki inda ƙura ba ta kai, ajiye a leda. Wanda ya tsufa a mayar da shi na taya.

Na gama komai, washegari ƙura ta sake rufe ta. In share?

Kada ka share a bushe, ko da tawul mai tsada ne. Ko ka kwarara mata ruwa ka busar, ko ka bar ta da ƙurarta har ranar wanki, ka goge gilasai da fitilu kawai don ka ga hanya. Ƙurar da ke kwance ba ta karce komai sai an ja ta. Rigar mota ma a kan wankakkiyar mota kaɗai ake sa ta, in ba haka ba iska za ta riƙa kaɗa ta tana gurzar ƙurar da ke ƙarƙashi dare guda. In akwai yaro ko maigadi da ke share maka mota da safe, zaunar da shi ka nuna masa zanen da tocila, ka ba shi bokiti biyu da tawul nasa, ka yi wankin farko tare da shi.